Allon Taɓawa a Mota: Shin Yana Ɗauke Hankalin Direba?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar mota, kuma mai yi mini gyaran wayoyinta ya ba ni shawarar a cire rediyon a sa babban allon Android. Yayana kuwa ya ce irin wannan allo yana ɗauke hankalin direba. Shin da gaske ne, ko kuwa tsoron sabon abu ne kawai? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Yayanka yana da gaskiya, kuma dalilin yana cikin yadda hannu da ido suke aiki. Maɓalli ko abin murɗawa yana nan wuri guda kullum, yatsa yana jin tudunsa da gefensa, don haka bayan 'yan kwanaki hannu ya haddace wurinsa har ka iya rage murya ko ƙara sanyi idonka na kan titi. Allo kuwa gilashi ne sumul, abin da ke wannan kusurwa yanzu zai iya komawa wani shafi an jima, saboda haka tilas ka duba kafin ka taɓa, ka kuma sake dubawa don ka tabbatar ya karɓa. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a kowace daƙiƙa, wato kallon daƙiƙa biyu kacal tafiyar mita 56 ce ba tare da ganin hanya ba. Wannan ne ya sa hukumar kiyaye haɗurran hanya ta Amurka, NHTSA, ta ba masu ƙera motoci shawara a 2013 cewa kada kallo ɗaya ya wuce daƙiƙa 2, kada kuma jimillar kallon aiki guda ta wuce daƙiƙa 12.

An gwada abin a aikace. A 2022 mujallar motoci ta ƙasar Suwidin, Vi Bilägare, ta sa direbobi su yi ayyuka huɗu, irin su sauya tashar rediyo da ƙara zafin cikin mota, suna gudun kilomita 110 a awa a wani filin jirgin sama. A cikin Volvo V70 ƙirar 2005, wadda ba ta da allon taɓawa, an gama cikin daƙiƙa 10, motar ta ci mita 306. A cikin MG Marvel R kuwa sai da aka ɗauki fiye da daƙiƙa 44, motar ta ci mita 1,372. Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne, direbobin sun riga sun saba da motocin kafin gwajin.

Shari'a ma ta taɓo batun: a 2020 wata kotu a Karlsruhe ta Jamus ta tabbatar da tarar Yuro 200 da haramcin tuƙi na wata guda a kan direban Tesla da ya yi haɗari yana daidaita saurin waifa ta allo ana ruwan sama. Hukumar Euro NCAP, mai auna amincin motoci a Turai, ta sanar cewa daga 2026 za ta riƙa la'akari da ko sigina, da hon, da waifa, da fitilun gargaɗi, da maɓallin kiran gaggawa suna da maɓallai na zahiri. Kamfanin Volkswagen ya riga ya mayar da maɓallai na gaske a kan sitiyarin Golf bayan ƙorafin masu saye.

Ban ce kada ka sa allon ba, domin taswira da kyamarar baya suna da amfani ƙwarai, kuma allon da ke manne a mota ya fi waya a hannu sau dubu. Sai dai ka zaɓi wanda yake da abin murɗa murya, ka bar maɓallan na'urar sanyi yadda suke, ka kuma nemi mai gyaran ya haɗa maɓallan sitiyari idan motarka na da su. Ka gwada shi da tsakar rana kafin ka biya, saboda hasken ranarmu da ƙurar hunturu suna dusashe allo mai araha, zafi kuma yana sa shi jinkirin amsawa. Akwai wata wayar lantarki a bayan allon wadda ake haɗawa da birkin hannu don hana bidiyo tashi idan mota na tafiya. Masu gyara da yawa sukan haɗa ta da jikin mota don su kashe wannan kariya, to ka tsaya a kansa har ka ga ya haɗa ta inda ya dace.