Tambayi Likita: Sabbin Na'urorin Gano Ƙwayoyin Bairos

Tambaya: Likita, mece ce bayosensa da ake ta magana a kai?

Amsa: Malam, 'yar na'urar da masu ciwon suga ke auna jininsu da ita, bayosensa ce, kuma tushenta aikin masanin kimiyya Leland Clark ne na 1962. Wadda ke gano bairos sassa uku gare ta: abin da ke cafke ƙwayar cutar, galibi sinadarin garkuwar jiki ko guntun DNA, sai sashen da ke mayar da cafkewar zuwa launi, haske ko motsin lantarki, sannan inda ake karanta sakamako. A 2020 masu bincike a Koriya ta Kudu sun haɗa wata da girafin, wani siririn shimfiɗin kabon. Da zarar ƙwayar korona ta manne masa, sai gudun lantarkin ya canza.

Tambaya: Ina fama da zazzaɓi da tari, amma gwajin korona na gida ya nuna layi ɗaya. Ke nan ba ni da ita?

Amsa: Malama, kada ki yi saurin yanke hukunci. Wannan gwajin furotin na jikin ƙwayar yake nema, kuma ba ya ninka shi. In ƙwayar ba ta yi yawa a hanci ba, kamar a ranar farko, layin T, wato mai nuna akwai cutar, ba zai fito ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana amincewa da gwajin da ke gano aƙalla kashi 80 cikin 100 na masu cutar, wato wasu na kuɓucewa. Ki sake gwadawa bayan awa 48. Ki murza audugar sosai a kowace kafar hanci, ki ɗiga adadin ɗigon da takardar ta ce, ki karanta bayan minti 15, kada ya wuce 30. Layin da ya bayyana bayan nan ba abin dogaro ba ne. In layin C, wato mai nuna gwajin ya yi aiki, bai fito ba, gwajin ya lalace. Zafi yana lalata kayan gwajin, domin yawancinsu ba sa jure sama da digiri 30 a ajiya. Idan numfashi ya fara yi miki wuya, ki tafi asibiti, ko me gwajin ya nuna.

Tambaya: Gwajin CRISPR zai maye gurbin PCR?

Amsa: Da saura. PCR, gwajin da ake yi a ɗakin bincike, tana ninka ƙwayar gadon bairos sau 35 zuwa 40 na zagaye, da injin da ke kaiwa digiri 95. Shi kuwa CRISPR, wato fasahar gano ƙwayar gado da datse ta, ana iya fara ninkawa a zafi guda, digiri 60 zuwa 65, sai sinadarin Cas12 ko Cas13 ya gane ƙwayar, ya datse wani alami da ke fitar da haske ko layi. Amurka ta ba wani gwajin korona na CRISPR mai suna Sherlock izinin gaggawa a watan Mayun 2020, kuma yana ɗaukar kimanin awa ɗaya. Babbar matsalarsa gurɓata: in aka buɗe kwalbar bayan ninkawa, ɓurɓushi na iya faɗawa samfurin wani, a ce yana da cutar alhali ba shi da ita.

Tambaya: Kwana 7 da suka wuce na soke kaina da allurar da wani ya yi amfani da ita. Sabuwar na'ura za ta gano HIV yanzu?

Amsa: Ya yi wuri, ɗan'uwa. Gwajin ƙwayar gado yana fara ganowa daga kwana 10 zuwa 33, na garkuwar jiki kuma kwana 23 zuwa 90. Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, kuma lokacin ya wuce, amma duk da haka ka ga likita yau, a duba har da ciwon hanta nau'in B da C, a tsara maka ranakun sake gwaji.