Wace irin ƙafa ce za ta ɗauki fiyano mai nauyin kilo 29?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina kiɗa da fiyanon lantarki Yamaha PSR-SX900 a kan ƙafa (wato abin ɗora fiyano) mai siffar X, ban taɓa samun matsala ba. Kwanan nan na sayi Yamaha Montage 8 ta hannu, amma da na ɗora ta sai na ga tana rawa duk lokacin da na danna da ƙarfi, alhali nauyin da aka rubuta a kwalin ƙafar cewa za ta iya ɗauka ya haura nata. In ci gaba da amfani da ita ko in canza? Daga wani makaɗi a Kaduna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, shawarata ita ce ka canza, kuma kada ka jira sai ranar da ta kife. Tsohuwar fiyanonka kilo 11.5 ce, ita kuwa Montage 8, wadda Yamaha ta fitar a 2016, kilo 29 ce, tsawonta ya kai santimita 145, faɗinta kuma 47. Nauyin ya ninka sau biyu da rabi, sannan maɓallanta 88 masu nauyi ne irin na fiyanon katako, waɗanda dole sai an sa musu ƙarfi kafin su ba da sautin da ake so.

Lambar da ka gani a kwali ba lallai ƙarya ba ce, sai dai tana magana ne a kan kayan da aka ajiye shiru a daɓe mai daidaito. Makaɗi kuwa ba ajiya yake yi ba: yana duka, yana jingina, wani lokaci ma mawaƙi ya zo ya dafa gefe ɗaya yana magana. Saboda haka siffar ƙafar da yadda aka kulle ta sun fi lambar muhimmanci.

Ga inda matsalar mai siffar X take. Sanduna biyu ne suka gicciye, kuma duk nauyin da ke sama yana ƙoƙarin ware su ne, abin da ya hana su warewa kawai shi ne ɗan ƙarfen nan na tsakiya da ke shiga rami, ko kuma haƙoran da ake matsewa da hannu. Idan ƙarfen bai shiga sosai ba, ko ramin ya cinye saboda yawan naɗewa da buɗewa, ƙafar ba ta yin gargaɗi, lokaci ɗaya take zubewa, kuma sau da yawa yatsun ƙafar makaɗin ne ke fara karɓar kayan. Akwai kuma wani aibi da mutane ba su cika lura da shi ba, wato duk sa'adda ka ɗaga ta sama domin ka yi kiɗa a tsaye, hannayenta matsowa kusa da juna suke yi, sai a bar doguwar fiyano tana reto a gefe da gefe ba tare da madogara ba. Rawar da kake gani daga nan take fitowa. Mai sanduna bibbiyu ta fi ƙwari, amma ita ma a kan wannan makulli guda ta dogara.

Ga irin kayanka, na fi son ƙafa mai siffar tebur ko mai siffar Z. A cikinsu nauyi yana sauka ne kai tsaye ta kan ƙafafu zuwa ƙasa, tsayi da faɗi kuma kowanne daban ake saita shi, ga sarari a ƙasa da za ka sa gwiwa da abin takawa idan a zaune kake kiɗa. Wani sanannen misali shi ne Omega na kamfanin König & Meyer na Jamus, wanda aka ƙera don ɗaukar kilo 80. Mai siffar ginshiƙi, kamar Apex na kamfanin Ultimate Support, tana da kyan gani a dandamali kuma tana da sauƙin ɗauka, amma fiyano mai tsawon mita ɗaya da rabi takan ɗan yi lilo a kanta idan ana dukan maɓallan gefe.

Kafin ka biya kuɗi, ka auna hannayen da fiyanon za ta zauna a kansu, domin idan sun gaza faɗinta sosai za ta riƙa rinjaya gaba ko baya. Ka kuma duba inda aka yi walda, da robar da ke ƙasan ƙafafu da ta saman hannaye, don zafi da bushewar hunturu suna sa roba maras kyau ta tsage ta fita, daga nan ƙarfe ya fara zamewa a kan tayil. Idan kana da niyyar ƙara hawa na biyu domin tsohuwar PSR ɗinka, mai nauyin ce za ta zauna a ƙasa, kuma ka tabbata sandunan da ke kwance a daɓe sun miƙa baya sosai, saboda hawa na biyu baya yake jan nauyi.

In kuɗi bai kai ba kuma kayan a sutudiyo za su zauna, babu laifi ka je wurin ƙwararren mai walda ya haɗa maka tebur da bututun ƙarfe mai kusurwa huɗu, ka ba shi awon da zai sa saman fararen maɓallai ya tsaya a wajen santimita 72 daga ƙasa idan a zaune za ka yi kiɗa. Ka ce masa ya sa kusoshi masu juyawa a ƙasan ƙafafun, waɗanda za a daidaita su da su inda daɓe ya karkace. Kafin nan, muddin kana amfani da tsohuwar, ka ɗaure hannayenta biyu na sama da igiya mai ƙwari irin ta ɗaurin kaya, yadda ko makullin ya saki ba za su iya warewa ba.