Amsa ga ƙanenmu: rabon mai bi a ɗaukakar Allah

Salama gare ku duka. Ƙanena, ga waɗanda ba su ga tambayarka ba bari in maimaita ta a taƙaice. Ka ce a Ishaya 42:8 Allah ya ce ba zai ba wani ɗaukakarsa ba, amma a Yohanna 17:22 Yesu ya ce ɗaukakar da Uba ya ba shi, ya ba almajiransa. Abokin ɗakinka a makaranta a Birnin Kebbi, wanda Musulmi ne, ya ce maka mutum ya ce yana da rabo a ɗaukakar Allah ai shirka ke nan. Kai kuma ka rasa amsa.

Da farko kada ka ji haushin abokin naka. Kishin Allah ne ya sa shi faɗa, kuma abin da yake gudu mu ma muna gudunsa. Na daɗe ina koyar da ajin masu shirin baftisma a nan Zuru, kuma tambayar nan takan taso, yawanci daga bakin yaran da suke karatu da hankali.

Ka koma Ishaya ka ƙarasa ayar. Allah ya ce ba zai ba wani ɗaukakarsa ba, yabonsa kuma ba zai ba gumaka ba. Maganar sujada ake yi, wato wane ne ya cancanci a durƙusa masa. A wannan babu mai rabo, ko annabi ko mala'ika. Sarki Hirudus ya hau gadon sarauta ya yi jawabi, jama'a suka ce muryar allah ce ba ta mutum ba, ya yi shiru ya karɓa, tsutsotsi suka cinye shi ya mutu. Yana nan a Ayyukan Manzanni 12. Sura biyu gaba, mutanen Listira suka kawo bijimai za su yi wa Bulus da Barnaba hadaya, su kuwa suka kyakketa tufafinsu suka ruga cikin taron suna cewa mu ma 'yan Adam ne kamarku. Ko Yohanna da ya faɗi gaban mala'ika a ƙarshen Wahayi, tsawata masa aka yi, aka ce ya yi wa Allah sujada. Saboda haka duk mai wa'azin da ya ce maka ka zama ƙaramin allah, ɗauki Littafinka ka fita.

Abin da Yesu yake nufi daban ne. Musa ya yi kwana arba'in a kan Dutsen Sina'i, ya sauko fuskarsa tana annuri har Haruna da jama'a suka ji tsoron matsowa, shi kuwa bai ma sani ba. Hasken ba na Musa ba ne, na wanda ya zauna a gabansa ne, kuma Allah bai ragu da komai ba don fuskar bawansa ta yi haske. Bulus ya ɗauko wannan labari na Fitowa 34 a 2 Korantiyawa 3, ya ce na Musa mai shuɗewa ne, amma mu da muke duban ɗaukakar Ubangiji ba lulluɓi, Ruhu yana sāke mu zuwa kamanninsa, daga ɗaukaka zuwa ɗaukaka. Karɓa muke yi. Mai ita yana nan da abarsa.

To ina bangaskiya ta shigo? Nan ne nakan tsaya da 'yan ajina, don mu mutanen ƙasar Zuru akwai abin da yake cikin jininmu. Mun san golmo. Saurayi ya yi shekara bakwai yana noma gonar surukinsa, shi da 'yan ƙungiyarsa, rana ta dake shi, hannu ya yi kanta, kafin a ba shi mata. In ya gama, yana tafiya yana buɗa kafaɗa, kuma da gaskiyarsa, guminsa ne. Kakana ya yi, har ya tsufa yana ba mu labarin kunyoyin da suke tayarwa kafin rana ta take. (Yakubu ma ya yi wa Laban irin wannan, nasa har ya zama shekara goma sha huɗu.) Da yawanmu haka muke ɗaukar Allah ba tare da mun faɗa ba: in na yi azumi, na ba da zakka, ban fasa sujadar asuba ba, to a ƙarshe zai sallame ni da ɗaukaka. Amma a gida ɗaya da ɗan golmon nan akwai ɗan mai gona, wanda gonar za ta zama tasa ba don ya fi kowa iya garma ba, sai don shi ɗa ne. Shi ma yana noma, har ya fi kula da gonar, amma ba biyan bashi yake yi ba. Romawa 8:17 a wannan gefen ya sa mu: in mu 'ya'ya ne, to magāda ne, magādan Allah, abokan gādo da Almasihu. Ɗiyancin kuwa ba da gumi aka same shi ba. Romawa 3:23 ta ce duka mun yi zunubi mun kāsa kai ga ɗaukakar Allah, sai 5:2 ta ce ta wurin bangaskiya muka sami shiga alherin da muke tsaye a ciki, muna fahariya da begen ɗaukakar nan. Tsakanin kāsawa da begen, babu aikinka ko ɗaya, gicciye ne kawai da hannun da ka miƙa ka karɓa.

Yanzu abin da ya fi damuna, wanda ba ka tambaya ba amma na san kana jin sa a taron farkawa. An mai da ɗaukaka ta zama mota da gidan bene da biza. A ɗaga murya a ce wannan shekarar ɗaukakarka ce, a zagaya da kwanon baiko. Ban ce Allah ba ya buɗa wa mutum ba, yana yi, mu gode masa. Amma ka lura da lokacin da Yesu ya ce yanzu aka ɗaukaka Ɗan Mutum: Yohanna 13:31, daidai sa'ad da Yahuza ya fita cikin dare zai bashe shi. Ayar gādon nan ma da muke so, ba mu cika ƙarasa ta ba, ta ce in muna shan wuya tare da shi, za a ɗaukaka mu tare da shi. Bulus da ya rubuta ta, sau biyar aka yi masa bulala arba'in ba ɗaya. Istifanas ya ga ɗaukakar Allah da idonsa, bai daɗe ba aka ja shi bayan gari aka jajjefe shi.

Lokacin da 'yan bindiga suka tarwatsa ƙauyuka a wajen Danko-Wasagu, mutane sun kwararo mana, muka buɗe musu azuzuwan makarantar Lahadi. Akwai wata baba da aka kashe mata miji da ɗa, ta iso da zane ɗaya da jikoki. Ranar da zumuntar mata suka raba dawa, aka auna mata tata a kwano, sai na ga ta kwance bakin zanenta ta zuba rabi, ta kai wa wata mai jego da ta iso da dare bayan an gama rubuta sunaye. Ba yarensu ɗaya ba, da Hausa suka gaisa. Ba ta yi wa'azi ba, ta dawo ta hura wuta. Ni dai in aka ce in nuna inda na ga Yohanna 17:22 da idona, can zan nuna, domin ayar da kanta ta faɗi dalilin ba da ɗaukakar: domin su zama ɗaya kamar yadda Uba da Ɗa suke ɗaya. Tun da 'yan mishan suka iso ƙasar nan a shekarun 1920, Dakarkari da Fakkawa da Dukkawa da Kambari suke zama benci ɗaya suna waƙa da Hausa. Ba kullum muke riƙe wannan da kyau ba, zaɓen dattawa kaɗai ya isa ya tona mu, amma shi ne alamar da Ubangiji ya ambata, bai ambaci mota ba.

Sauran kuma yana gaba. Filibiyawa 3:21 ta ce zai sāke jikin nan namu na ƙasƙanci ya zama kamar jikinsa na ɗaukaka, 1 Korantiyawa 15:43 kuma, wadda muke karantawa a bakin kabari, ta ce ana shuka shi da wulaƙanci, ana ta da shi da ɗaukaka. Abin mamaki, a Romawa 8:30 Bulus ya ce waɗanda Allah ya kuɓutar, su ne ya ɗaukaka, kamar an riga an gama, alhali masu karanta wasiƙar suna nan a Roma da ciwon baya da bashi irin namu. Tabbacin alkawarin ne ya sa ya rubuta haka.

Game da abokinka, kada ka shiga gardama da shi a kan wannan ayar. Ka gaya masa a fili cewa ba ka karɓar sujada, ba ka yi wa wani mahaluki, kuma duk abin kirkin da ya gani a wurinka kyauta ce aka ba ka. Inda kuka rabu da gaske shi ne wane ne Yesu, kuma gara ku san nan ne bambancin yake, ku yi maganarsa cikin mutunci, ku ci gaba da cin tuwonku tare. Kafin hutu ka karanta Romawa 5 zuwa 8 a zama ɗaya, ba aya-aya ba. In ka shigo Zuru ka neme ni bayan sujadar Hausa, ka zo da 2 Bitrus 1:4, mai maganar tarayya da Allah wajen ɗabi'arsa, don na san ita ce za ta tsaya maka a gaba.