Tumatirina ya yi ganye shar, amma furen sai kakkaɓewa yake yi

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce a Birnin Kebbi. A watan Fabrairu na shuka tumatir cikin buhuna a tsakar gida. Ya tashi da kyau, amma tun shigowar Afrilu furen sai ya bushe ya faɗi. 'Yan ƙwayoyin da suka kama kuma ƙasansu ya yi baƙi. Na ƙara masa yuriya, ba canji. Wane magani zan fesa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ki adana kuɗinki, babu maganin feshin da zai gyara wannan. Ba cuta ba ce, zafi ne.

Cikin kowane furen tumatir akwai wani ɗan gari ruwan ɗorawa, shi ke sa fure ya zama ɗa. Idan zafin rana ya haura digiri 32 zuwa 35, dare kuma ya ƙi sauka ƙasa da 21 ko 22, garin nan yakan lalace. Furen da bai ɗauka ba sai wuyansa ya yi rawaya ya tsinke. To, a Birnin Kebbi zafin Afrilu yakan wuce digiri 40. Ga shi buhunanki a tsakar gida, wataƙila kan siminti, kusa da bangon da ke shan rana wuni guda, da dare ya dinga huro musu zafi. Kin shuka a Fabrairu, furen ya faɗo tsakiyar bazara ke nan.

Yuriyar ma ki dakata da ita. Ganye take ƙarawa, kuma yawanta kan sa shuka ta shagala da toho ta zubar da fure. Ganye shar ɗin da ya burge ki, rabinsa aikinta ne.

Baƙin da kike gani a ƙasan ƙwayar ba ruɓar tsutsa ba ce. Sinadarin kalsiyam ne bai isa wurin ba, domin ruwa ke kai shi, ƙasar buhu kuwa nan da nan take bushewa. Yau a jiƙa ta sharkaf, gobe ta ƙafe ƙayau, haka baƙin ke samuwa. Wasu za su ce ki zuba ɓawon ƙwai. Ba laifi, amma kafin ya narke kakar ta wuce. Ban ruwa a kan kari, safe da yamma, a gindi ba a kan ganye ba, shi ne gyaran. Ki rufe saman ƙasar da ɓuntun shinkafa, kaurin yatsu uku, abin da ba ya wuyar samu a Kebbi. Kafin ki ƙara ruwa, ki tura yatsa ƙarƙashin ɓuntun: in da danshi, ki jira.

Na yanzu ɗin ki ja su inda rana ke samunsu da safe, inuwa ta rufe su daga azahar. Ki ɗora buhunan kan katako, ki yi musu rumfar zana. Za ki ɗan tsira da wani abu, amma kada ki sa rai da na sayarwa.

Lokacin tumatir a wajenmu hunturu ne. Masu noman rani a fadamun Argungu da na Bakolori can Zamfara shi suke bi. Ki yafa iri a Oktoba, ki yi dashe bayan mako 3 zuwa 4, da yamma, tsiro ɗaya kowane buhu. Fure zai zo cikin sanyin Disamba, ki fara tsinka wajen Janairu. Irin Roma VF ko UC82B ya wadatar. Ƙasar kuma ki haɗa kashi biyu na turɓaya mai kyau da kashi ɗaya na kashin awaki ko na shanu wanda ya ruɓe sosai, domin ɗanye yana ƙona saiwa. Ki huda gindin buhun ruwa ya samu mafita, ki kafa sanda tun ranar dashe.

Abin da za ki sa wa ido a lokacin shi ne sharon, tsutsar da ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna a 2016. Alamarta farin tabo mai shara-shara a jikin ganye. In kin ɗaga shi ga rana za ki hango ta a ciki. Ki riƙa dubawa duk safiya, ganyen da ta shiga ki tsinke ki ƙone, kada ki yar da shi a gindin buhu.