Tambaya da amsa: Shafin rigar jaririya ta saƙar kwarashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. Ni ce ɗalibarki daga unguwar Ali Ɗan Sofo a nan Maraɗi. Na saƙa wa ɗiyar ƙanena riga da kwarashi, watanta huɗu, ina so ta sa ranar sallah. Saƙar ƙasan rigar mai huji-huji ce, ana hango kunzugunta, kuma uwar ta ce zaren yana cin jikin yarinya. Na sayi satin a kasuwa don in yi wa rigar shafi daga ciki, tela ya ce in kawo ya bi shi da keke ya haɗe da rigar. In kai masa, ko akwai wata dabara?

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanwata, sannu da ƙoƙari. Kada ki kai masa tukuna, satin ɗin kuma ki adana shi don wani aikin.

Abin da za ki riƙe shi ne saƙa tana buɗewa, yadi kuwa ba ya buɗewa. Rigar da kika saƙa tana miƙewa in yarinya ta ɗaga hannu ko cikinta ya cika da nono, ta kuma koma yadda take. In aka yanka shafi daidai da rigar tana kwance, aka bi shi da keke ta ko'ina, an ɗaure saƙar ke nan. Rigar za ta matse yarinya, ta yi ƙundumi a gefe, wataƙila ma kai ya ƙi shiga. Ga shi haƙoran keke suna kama zaren ulu su ja shi. Don haka shafin zai fi rigar yalwa kaɗan, kuma da hannu za ki maƙala shi, a wurare kaɗan.

Yawancin satin ɗin da ke kasuwanninmu na roba ne, ba ya shan zufa. A zafin Maraɗi, inda watan Afrilu da Mayu ake haura digiri 40, in kin haɗa ulu da satin a jikin jaririya, ƙurajen zafi kika gayyato mata a wuya da hammata. Nemi auduga tsantsa mara nauyi, boyel na auduga ko foflin mai laushi. Rabin mita ya isa. Masu yadi a babbar kasuwa kowa zai rantse miki nasa auduga ne, to ki zari ɗan zare daga bakin yadin ki kanga masa ashana. Auduga tana ci da wuta, warinta kamar na takardar da ta ƙone, tokarta kuma tana murjewa a yatsa. Na roba yana narkewa ya dunƙule, ya bar ɗan ƙullutu mai tauri. Tsohon zane da ya sha wanki ma yana yi, har ya fi sabo laushi, sai dai in atamfa ce zanenta zai riƙa leƙowa ta hujin saƙar ya ɓata adon da kika sha wahala a kai.

Launi kuwa ki shimfiɗa yadin ƙarƙashin rigar ki duba a hasken rana. Launi ɗaya da zaren yana ɓoye shafin, wanda ya ɗan saɓa yana fito da zanen saƙar. Ni na fi son na biyun in saƙar ta yi kyau.

Kafin almakashi ya taɓa komai, wanke duka biyun. Sabon yadin auduga yana tsukewa a wankin farko, wani kuma yana zuba, gara ya yi abinsa shi kaɗai a bokiti. Rigar ki shanya ta a kwance kan tawul cikin inuwa, yadin ki goge shi.

Sai ki juya rigar ki dubi ƙirjinta. In saƙar sama a cike take, kuma cin jikin da uwar ke faɗa a ƙasa ne, shafin siket kaɗai za ki yi, daga inda ƙirji ya ƙare. Yanki ɗaya ne mai kusurwa huɗu. Faɗinsa ya yi daidai da zagayen bakin rigar na ƙasa, ki ƙara santimita 2 na ɗinki. Tsawonsa kuma, bayan kin kalmashe, ya gaza na rigar da santimita 2, don kada ya leƙo. Ki yi dogon ɗinki a bakin sama ki ja zaren ya tattare, amma kada ki tattare shi daidai da ƙirjin rigar. Auna ƙirjin yarinyar da kanta, ki ƙara santimita 4 ko 5, a nan za ki tsayar da tattarar.

In zaren yana cin ta har a ƙirji da kafaɗa, sai an yi shafin sama. Kwantar da rigar kan takarda (ta buhun siminti da teloli ke amfani da ita ta wadatar), ki ɗan buɗe ƙirjin da tafin hannu, ki zana kewayenta, ki ƙara santimita 1 ko'ina. Wuya da hannu ki faɗaɗa su kaɗan fiye da na rigar, shafin ya tsaya daga ciki.

Gefen shafin ne keke zai yi, nan kina iya kai wa telanki. Ki ce ya yi ɗinki mai juyi biyu: a fara haɗa bakin daga waje da ɗan siririn ɗinki, a rage gezar da almakashi, a juya, a sake ɗinkewa ya rufe na farkon. Ta haka babu gezar da za ta goge fatar yarinya, babu kuma wadda za a hango ta huji.

Wajen maƙalawa, raba bakin shafin gida huɗu, ki raba rigar haka, ki haɗa alama da alama da fil. Ɗauki allura da zare launin ulun. Ta cikin rigar, kowane ɗinkin kwarashi yana da ɗan madauki a bayansa. Shi za ki ɗauka da bakin allura, ba tare da kin huda zuwa waje ba, sannan ki ɗauki ɗan bakin yadin. Kada ki ja zaren ya yi tsam, bar masa ɗan sako-sako, ki riƙa buɗe saƙar da yatsu kina tafiya. Duk bayan santimita 5 ko 6 ki yi ƙulli, in ya tsinke a wani wuri sauran ba zai warware ba. Ƙasan shafin ki bar shi a sake, ba a haɗa shi da rigar.

Zagayen kan yarinya mai wata huɗu ya kai kimanin santimita 40, saboda haka in rigar tana da tsaga a baya, ki tsaga shafin daidai tsawon tsagar rigar don kai ya shiga, ki kalmashe bakinsa. Maɓalli ki ɗinka shi ya ratsa saƙa da yadi, ki ja shi da ƙarfi ki ji, don masu wata huɗu komai suka kama baki suke kai shi. Duwatsun ado da doguwar igiya a wuya ki bar su. In kin gama, ki sa mata, yatsunki biyu su shiga hammata da wuya ba tare da matsi ba. Ki kuma ƙirga fil ɗinki kafin da bayan aiki.

In kuwa rigar duk huji ce daga sama har ƙasa, ni shawarata ki ɗinka mata ƙaramar shimi daban da wannan yadin. Jarirai suna tumbiɗi, shimi kuwa ana cire ta a wanke ta bushe nan da nan, ba sai an jiƙa saƙar kullum ba.

Ki gaya wa uwar ɗiyar ta riƙa wanke rigar da hannu a ruwan sanyi, ba murɗawa, ba ratayawa a igiya, don nauyin ruwa yana jan saƙa ta zarce shafin. Zaren ulun da muke saye galibi na roba ne, dutsen guga mai zafi yana narkar da shi, musamman na gawayi da ba a iya rage masa wuta. In shafin ya yamutse, ta zaro shi waje ta goge shi shi kaɗai.