Tun da na koma Sakkwato nake faɗuwa a tseren keke, me ke jawo haka?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na daɗe ina tseren keke na sha'awa a Jos ban taɓa yin mummunar faɗuwa ba. Aiki ya kawo ni Sakkwato, na shiga cikin wasu matasa da ke fita bayan sallar asuba, amma har sau biyu ina shan ƙasa, ɗaya a kwana, ɗaya a tsakiyar ayari. Ni ne hannuna ya lalace, ko keken ne? Daga mai karatu a Arkilla.

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Sannu, Allah Ya ƙara kiyayewa. Hannunka lafiya lau, kuma da wuya laifin keken ne. Tuƙin Jos kake yi a kan hanyar Sakkwato.

A Jos hawa da gangara ke raba mahaya. Da an fara hawan tudu mai ƙarfi ya wuce, mai rauni ya koma baya, kowa ya sami fili. Nan kuwa, ko hanyar Boɗinga kuka bi ko ta Kware, kusan shimfiɗe take, don haka ayari yakan tafi a dunƙule, taya dab da taya, ga gudu. Muddin tayarka ta gaba ta shiga gefen tayar bayan wanda ke gabanka, ya ɗan karkace don kauce wa rami, kai ne za ka faɗi, shi ko jijjiga ba lallai ya ji ba. Ka bar tazarar kamar tsawon taya guda har sai ka san halin kowa: wane ne mai taka birki ba dalili, wane ne ke nuna rami da hannu. Idonka ya tsallake kafaɗar na gabanka, kada ka kafe shi a kan tayarsa. Iskar hunturu ma tana ƙara dagula lamarin, domin in ta bugo daga gefe kowa sai ya raɓe a gefen ɗan'uwansa, nan ne tayoyi ke haɗuwa.

Faɗuwar kwana kuwa, ina kyautata zaton rairayi ne. Iska na kwaso shi ta shimfiɗa a bakin kwalta da shataletale, siriri, launinsa ya saje da ƙurar hanya. Tayar keken tsere galibi faɗinta milimita 25 ko 28 ne kawai. In ta hau wannan rairayin keke na kwance a kwana, zamewa take yi nan take. Ka rage gudu tun kafin ka shiga kwana, ka saki birkin gaba a cikinta, ka bi sawun da tayoyin mota suka share. Kada kuma ka cika wa taya iska ta yi tauri kamar dutse, riƙonta raguwa yake. In firam ɗinka zai ɗauki mai 28, koma mata.

Sai zafi, wanda masu zuwa daga Filato ke rainawa. Jos na sama da mita 1,200 daga teku, ga sanyi. Sakkwato a watan Afrilu takan haura digiri 40. Jiki na bukatar kwana 10 zuwa 14 yana motsa jiki a cikin zafi kafin ya saba sosai. Mai ƙishirwa hankalinsa ke fara gajiya kafin ƙafarsa, sai ya makara wajen ganin akuya ko ɗan kabu-kabun da ya yanko. Ka riƙa kurɓar ruwa tun ba ka ji ƙishi ba, ka gama fita kafin hantsi ya dubi ludayi.

Abin da ya fi damuna shi ne ba ka ambaci ko kanka ya bugu ba. In hular kwanonka ta bugi kwalta, sauya ta ko da ba ka ga tsagewa ba, domin soson cikinta bugu ɗaya yake ɗauka. Ciwon kai mai ƙaruwa, amai, jiri ko mantuwa bayan faɗuwa ba na kwanciya a gida ba ne, ka tafi asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo ko wanda ya fi kusa. Ƙujewa kuma a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har tsakuwar ta fita, a duba batun allurar tetanus. Kafin fita ta gaba, kai keken wurin makaniki ya duba kan keken da cokalin gaba mai riƙe da tayar gaba, musamman in na kabon ne, wato sinadarin nan marar nauyi da ake amfani da shi a madadin ƙarfe, don tsagewarsa kan ɓuya ƙarƙashin fenti.