Haƙoran 'yar riƙo mai tsagewar ganɗa

Maman Aisha, kin ce 'yar riƙonki za ta cika shekara 8, an ɗinke mata leɓe da ganɗa tun tana jaririya, ko kek ɗin bikinta zai cutar da haƙoranta?

Kek na yini ɗaya ba komai, ta ci abinta. Alewar kullum da sobolo mai sukari su ne matsala, don haƙoran gefen tsagar sukan fito a karkace, abinci na maƙalewa. Ta riƙa gogewa safe da dare da ƙaramin buroshi.

Abin da ya fi damuna shekarunta ne. Tsakanin shekara 8 da 11 ake dasa wa yara masu irin wannan tsagar ƙashi a dasashi kafin fiƙa ta fito. Tunda kina Aboabo, ki kai ta asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi, da takardun aikinta na baya in dangin uwarta sun ba ki.